Kafin Ka Zagi Ɗan Bumburutu, Koma Inda Hannunka Ya Taɓa

Maƙalar wannan mako ta faɗo kaina, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa zauren adabi da baƙin mai da sufana. Ku yi mini haƙuri ku karanta, domin wata ɗabi'a nake son mu yi faɗa da ita, wadda ta yi katutu a nan Garu da cikin garin Illela, kuma na tabbata kuna da ita a garuruwanku. Ɗabi'ar ita ce mutum ya buɗe injin motarsa da hannunsa, ya kwance ya ɗaure, motar ta fara mutuwa, sannan ya ɗora laifin a kan kowa da komai ban da hannun da ya yi aikin.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin riƙe mota ya fi ƙarfin mutane da yawa. Kayan gyara sun yi tsada, kuɗin aikin bakanike ya hau, ga waya a hannu cike da bidiyon YouTube da TikTok inda wani ke wanke totur cikin minti uku. Sai mai Golf ko Corolla ko 406 ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, ranar Juma'a da hantsi ya ɗaga bonet a ƙofar gida. Washegari mota ta tashi lafiya, amma da ya taka birki a mahaɗa sai ta yi shiru. Ya sake tayarwa, ya kunna iyakwandishan, ta sake mutuwa. Daga nan ne za ka ji fatawa kala-kala. Wani ya ce man bumburutu ne, an gauraya shi da kananzir. Wani ya ce fiyul famfo ya gaji. Wani ya ce birenbos ya tafi. Akwai ma mai cewa baki ne, a nemi addu'a. Ba wanda zai tambaye shi abin da ya taɓa jiya.

Ba na musun cewa akwai gurɓataccen mai. Mu mutanen iyaka mun fi kowa sanin haka. A watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, Illela kuwa tana ciki tsundum, aka koma shan man jarka da galan wanda ba wanda ya san inda ya kwana. A Fabrairun 2022 kuma kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace a Legas da Abuja. To amma hankali ai ba ya ɓata. Idan motarka ta je Sakkwato ta dawo da man da ke cikin tankinta ranar Alhamis ba ta yi ko tari ba, ka taɓa ta ranar Juma'a, ta fara mutuwa ranar Asabar, kuma ba ka ƙara ko lita ɗaya ba, ina ruwan ɗan bumburutu? Abu ɗaya ne ya canza tsakanin lafiya da ciwo, shi ne aikinka. Can za a fara nema.

Injin fetur abu uku yake rayuwa da su: iska, mai, da tartsatsin wuta daga fulogi. A motocin da ke da nozul, birenbos ne ke auna iskar da ta shiga ya ba ta man da ya dace da ita, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai idan aka auna da nauyi. Lokacin da injin ke silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, iskar da yake shaƙa kaɗan ce ƙwarai, don haka ƙaramin kuskure a wannan lissafi ya isa ya kashe shi. Shi ya sa mota ke gudu lafiya a kan titi amma ta mutu da zarar an sassauta. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

A fara da iska, domin a nan yawancin masu gyaran gida ke faɗuwa. Ka cire babban tiyon da ya taso daga akwatin filta zuwa totur, ka mayar, amma ba ka ɗaure zoben da ke riƙe shi sosai ba. Ko wani siririn tiyo na roba ya zame a bayan injin ba ka gani ba. Ko zafin Sakkwato, da kan haura digiri 40 a bazara, ya riga ya busar da robar, da ka lanƙwasa ta sai ta tsage. Iskar da ta shiga ta wannan kafa birenbos bai ƙirga ta ba, sai mai ya yi kaɗan, injin ya yi ta rawa har ya mutu. Ka tayar da motar, ka kasa kunne, sau da yawa za ka ji ƙarar tsotso kamar ta maciji. Sannan ka bi duk soket ɗin da ka zare, musamman na sensar iska a motocin da ke da ita, ka danna har ka ji ya ce ƙas. Soket da aka ɗora ba a kulle ba ya sa mutane da yawa sayen famfon da ba sa bukata.

Na biyu, wanke totur da cire kan batir. Motoci da yawa suna koyon silonsu ne a hankali, suna sabawa da dattin da ya taru a maƙogwaron totur. Da ka wanke shi, ko ka cire batir, sai lissafin da birenbos ya riƙe ya daina dacewa. Wasu motocin za su daidaita da kansu idan aka bar injin ya yi zafi yana silo aka ɗan zaga da su, wasu kuma, kamar yawancin dangin Volkswagen, sai an sa musu na'ura an sake saita totur ɗin. Mai bidiyon minti uku bai gaya maka wannan ba. Ka kuma duba kan batir ɗin kansa da wayar da ta tafi jikin mota. Idan kana iya juya shi da hannu, bai ɗauru ba. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 injin a kashe, ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 idan injin yana aiki.

Na uku, wuta. A yawancin injuna masu silinda huɗu, tartsatsin yana bin tsarin 1-3-4-2 ne. Wanda ya zare wayoyin fulogi duka a lokaci guda ya mayar da su yadda ransa ya ba shi, ya sauya wa injin numfashi. Wanda ya sayi fulogi don kawai ya shiga ramin, ba tare da duba lambar da kamfani ya ce ba, shi ma ya sayi matsala. Haka wanda ya gama aiki ya ga injin ya yi datti ya kai wurin wanki aka feshe shi da ruwa mai ƙarfi, ruwa ya kwanta a ramin fulogi da cikin soket. Sai na huɗu, mai. Filtar mai tana da kibiya a jikinta da ke nuna inda man zai bi, kuma ana saka ta a juye fiye da yadda kuke zato. Kafin ka yanke wa famfo hukunci, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka saurari ƙararsa ta 'yan daƙiƙu daga wajen tanki, ka duba fiyus ɗinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne magungunan da ake yi wa ciwon. Mota na mutuwa, sai a ɗaga silo ya yi ta ihu, a ce an gyara, alhali an rufe ciwo ne da tsumma ana ƙona man da litarsa ta fi ƙarfin aljihu. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a manna mata baƙin salatif. A zuba fetur a bakin totur wai a ba ta ta sha, wuta ta yi baya ta lashe gira. A cire kan batir injin yana aiki wai ana gwada caji, dabarar zamanin kafireta da ke iya ƙona birenbos na motar yau. Duk wannan canke ne, kuma canke ya fi kuɗin bakanike tsada, domin mai canke sai ya sayi kwayil, ya sayi famfo, ya sayi nozul, kafin a gano tiyon da yaro zai iya mayarwa da yatsa biyu.

Ga kuma na'urar da ke tambayar mota abin da ke damunta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001, kuma yawancin motocin da ke shigo mana ta Kwatano daga can suke. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari a mafi yawansu. Lambar P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0300 tana nufin silinda suna tsallake wuta, P0335 tana nuni ga sensar karanshaf da wayoyinta. Amma lamba unguwa take nuna maka, gidan kai za ka nema. Wanda ya ga P0171 ya ruga sayen sensa bai bar canke ba, ya dai sa masa rigar zamani.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce bakanike ma canke yake yi, ga tsada, ga wanda zai cire maka sabon kaya ya sa tsoho. Akwai irinsu, ba na kare kowa. Kuma ban ce kada mutum ya taɓa motarsa ba, canza filta da fulogi da baƙin mai abu ne da ya kamata kowane mai mota ya iya. Sharaɗina uku ne. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai. Ka yi aiki ɗaya, ka tayar, ka gwada, kafin ka shiga na biyu. Idan kuma abin ya gagara ka kai gareji, ka faɗi gaskiyar abin da ka taɓa. Mutane nawa ne ke tura mota gareji su ce haka kawai ta fara, don kunyar a ce sun yi karambani? Mai ɓoye wa likita abin da ya ci, shi zai kwana da ciwon ciki, kuma shi ne gobe zai zauna a majalisa yana cewa makanikai ɓarayi ne.

Wannan magana ta wuce ta kuɗi. Idan injin ya mutu mota tana tafiya, sitiyarin da ke aiki da mai yana yin tauri nan take, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne ya rage masa da laushi kafin ya koma kamar dutse. Ku auna wannan a ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, tsakanin tirelolin shanu da babura da masu tsallakowa daga Ƙonni. Ko ku auna mota ta yi shiru bayan magariba tsakanin Gwadabawa da Illela da mata da yara a ciki, a wannan yanayi na tsaro da kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki. Motar da aka taɓa jiya, a zaga da ita cikin gari tukuna, a taka birki, a kunna fitilu da iyakwandishan, a ga ta tsaya da ƙafarta, kafin a ɗora mata iyali.

Yanzu na dawo kanmu. Mu ma da hannunmu a wannan duhu. Sau nawa mota ta mutu a littattafanmu don kawai saurayi ya haɗu da budurwa, ya ɗaga bonet ya taɓa wata waya da marubucin kansa bai san sunanta ba? Direban da ke neman bayani a kan silo da Hausa, me muka ajiye masa? Ya koma bidiyon harshen da rabi yake ji, ya kwaikwayi hannu ya bar bayani. Kalmomin nan suna nan a bakin yaran gareji: totur, lagireto, fanbel, salansa, kwayil. Mu ne muka raina su muka ƙi rubutawa. Ina ƙalubalantar kowane ɗan wannan zaure da ya je garejin unguwarsu cikin makon nan, ya gaida maigidan, ya nemi izini ya zauna awa biyu, ya rubuto mana shafi ɗaya a kan matsala ɗaya ta mota, da Hausar da direban tasha zai karanta ya amfana. Wanda kuma yake ganin na zalunci masu gyaran gida, fili nasa ne, ya zo da hujja mu gwabza. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya.