Ruwan hodar da jirage ke zubawa kan gobarar daji: magani ne, amma da sauran magana

1/ Duk wanda ya kalli bidiyon gobarar Los Angeles ta Janairun 2025 ya ga jirage suna feshin wani abu ruwan hoda a kan duwatsu da rufin gidaje. Mutane da yawa a nan sun ɗauka fenti ne. Sunansa Phos-Chek, kamfanin Perimeter Solutions ke yin sa. Ra'ayina a kansa zai iya ɓata wa wasu rai, ku dai bi ni a hankali.

2/ Mafi yawansa ruwa ne. Sai gishirin amoniyam fosfet, wato ɗan'uwan takin zamanin da manoma ke neman sa ruwa a jallo da damina. Akwai abin da ke sa shi kauri ya manne wa ganye, sai launi, don matuƙin jirgi ya ga inda ya riga ya zuba.

3/ Ba a kan wutar ake zuba shi ba, a gabanta ake yi. Idan zafi ya iso, fosfet ɗin yana sa itace da ciyawa su koma gawayi maimakon su fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Ko ruwan ya bushe, gishirin na nan yana aiki. Wuta ta rage gudu, 'yan kwana-kwana su samu sararin tare ta daga ƙasa.

4/ To ina matsalar? Kogi. Amoniya guba ce ga kifi. A 2002 an zuba wani sinadari irinsa bisa kuskure a kogin Fall River na jihar Oregon, kifaye sama da 20,000 suka mutu. Shi ya sa hukumar gandun dajin Amurka ta hana zuba shi ƙasa da ƙafa 300 daga ruwa, sai in rayuwar mutane na cikin haɗari. Amma fa jirgi ne mai gudu, ga hayaƙi, ga iska. Wa zai auna ƙafa 300 daga can sama?

5/ A 2023 wani alƙalin tarayya a Montana ya yanke cewa hukumar ta karya dokar tsaftar ruwa. Sannan ya ce ta ci gaba da feshin kafin ta samu izini, don hana shi zai fi jefa mutane cikin haɗari. Wallahi na fahimci alƙalin nan.

6/ Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken Jami'ar Kudancin Kalifoniya na 2024. Sun gwada irin waɗannan sinadarai suka samu ƙarafa masu guba, irin su kadmiyam, kuromiyam da banadiyam. Waɗannan ba sa ruɓewa. Suna zama a ƙasa, ruwan sama ya wanke su zuwa rafi. Kuma wani ɓangare na haɗin sirrin kamfani ne. Kana zuba abu galan miliyoyi a dajin al'umma, ka ce ba za ka faɗi duk abin da ke ciki ba? Haba.

7/ Tunda taki ne, yana kuma ciyar da ciyawa baƙuwa mai saurin girma, wadda in ta bushe ita ce makamashin gobarar baɗi.

8/ Masu cewa a haramta shi gaba ɗaya, ban tare da ku. Gobarar Palisades da ta Eaton sun ci gine-gine sama da 16,000, mutane kusan 30 sun rasu. Idan wuta ta nufo unguwa, a zuba, a yi maganar kifi daga baya.

9/ Inda na ƙi shi ne a dajin da babu gida ko ɗaya kusa, ana feshi don jama'a su gani a talabijin su ce gwamnati na aiki. Ku tuna daren farko na gobarar Los Angeles: iskar Santa Ana ta yi ƙarfi har aka dakatar da tashin jiragen. A lokacin da aka fi buƙatarsu suna ƙasa.

10/ Kuɗin jirgi ɗaya zai share busasshen daji mai yawa a kewayen gidaje, ya canza rufi da tagogin da tartsatsi ke shiga. Wannan aikin ba ya kyau a bidiyo, shi ya sa ba kwa ganinsa a TikTok. Ni dai buƙatata biyu ce: kamfani ya buɗe cikakken haɗin, sannan a riƙa gwada ruwan rafuka bayan kowane feshi, a wallafa sakamakon kowa ya gani.