Zangon Doctor Who na 2025 bai gamsar da ni ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in koka kan zangon Doctor Who na 2025. Shirin da BBC ta fara tun 1963 bai cancanci irin wannan gaggawa ba. Da Russell T Davies ya farfaɗo da shi a 2005, kashi 13 ake yi a zango. A 2025 kuwa takwas kacal, tun labari bai nuna ba sai a sauke tukunya. An dawo da Omega, tsohon abokin gaba, aka gama da shi cikin 'yan mintoci. Kashin shagon aski na Legas, wanda Inua Ellams ya rubuta, shi kaɗai ya ratsa ni. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tafiyar Ncuti Gatwa, jarumin shirin, bayan zango biyu, alhali ba mu gama saninsa ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano