Mu Ari Dabarar, Mu Bar Musu Jirgin

A taron ƙungiyarmu na bayan girbi, wani saurayi da ya yi rani biyu yana ci-rani a Kano ya tashi ya kawo shawara. Ya ce mu fasa sayen injin niƙa, mu haɗa kuɗin da rance mu sayi jirgin ruwa mai inji, mu kai shi tafkin Tiga. Samarinmu su riƙa ɗaukar masu hali na birni waɗanda ke kamun kifi domin nishaɗi, ana biyansu. Ya nuna mana hotuna a wayarsa: mutum zaune cikin jirgi, sanda a hannu, ga giwan ruwa ya kusa kai tsawonsa. Dattawa suka fashe da dariya. Baba ɗaya ya ce tun da aka haife shi a Gagarawa Tasha bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfinsa ba sai na rijiya. Samari kuwa suka ji haushi. Aka tashi ba a yanke magana ba.

Mun yi ta juya zancen nan tun ran nan. Ga abin da muka gani: dattawa sun yi gaskiya game da jirgin, amma sun yi garaje da suka yi wa dabarar dariya.

Bari mu fara da dabarar, gama yawancinmu ba mu san ta ba. Mu kira ta jan fatsa. Ba a tsayawa wuri ɗaya ana jiran kifi ya zo. Jirgi ne ke tafiya sannu a hankali, kamar tafiyar mutum a ƙasa, yana jan zare a bayansa. A ƙarshen zaren akwai koton ƙarya, watau ɗan ƙarfe mai ƙyalli ko katako da aka sassaƙa da siffar ƙaramin kifi, da ƙugiya a jikinsa. Yana tafiya yana kaɗawa cikin ruwa kamar kifin da ya ji rauni. Kifayen da ke cin 'yan'uwansu, irin su giwan ruwa da tsage, su ne ke kawo masa cafka. Karfasa ba ta cika kula shi ba, ita ganye da ƙananan abubuwa take ci.

Masu kuɗi suna yin wannan da sanda mai lanƙwasa, tsawon ƙafa shida ko bakwai, da ƙaramin injin naɗe zare da ake juyawa da hannu. Amma duk wannan ado ne. Abin da ke kama kifin huɗu ne: zaren roba mai ƙarfi, ƙugiya mai kaifi, koto mai motsi, da sanin zurfin da kifi yake. Koton kuwa maƙerin garinmu zai iya yin sa da tsohon cokali. A yanke mariƙin, a huda gaba da baya, a sa ƙugiya a rami ɗaya, zobe a ɗayan. Tilas ne a sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa tsakanin koto da zare, in ba haka ba zaren zai murɗe ya cukurkuɗe kafin a yi nisa. In akwai tsage a ruwan, a ƙara waya ta ƙarfe kamar ƙafa ɗaya a gaban koton, domin haƙoransa suna datse zaren roba kamar almakashi.

Ana sakin zare kamar taku talatin ko arba'in a bayan jirgi. In ana so koto ya ƙara nutsewa, sai a ƙara tsawon zaren, ko a ɗaura 'yar dalma, ko a rage gudu. Ba a miƙewa ɗoɗar; ana 'yar karkata dama da hagu, gama sa'ad da jirgi ya juya koton yakan sauya gudu, sau da yawa kuwa a nan ne kifi ke kawo hari. Ana bin gefen duwatsu da inda ƙasa ta gangara zuwa zurfi, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Mutum biyu cikin kwale-kwale, ɗaya yana tuƙi da filafili, ɗaya yana riƙe da zare, sun isa. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya naɗe zaren a yatsa ko a wuyan hannu. A naɗe shi a guntun itace. Giwan ruwa ba tarwadar kududdufi ba ce. Wanda ya ci gasar Argungu a 2020 ya kai kilo 78, nauyin babban mutum ke nan.

To, me ya sa muka ce dabarar ta cancanci a koya? Domin ƙugiya mai girma ba ta kama jaririn kifi. Mai jan fatsa yana ɗaukar babba ɗaya ko biyu, ya bar dubbai su girma. Masu yin ta domin nishaɗi ma sukan auna kifin, su ɗauki hoto, su mai da shi ruwa. Wannan ya ba dattawanmu dariya ƙwarai, mu ma ba za mu ce wa mai iyali ya saki abincinsa ba. Amma mu dubi abin da muke yi mu. Duk wanda ya je kasuwar kifi ta Hadejia ya ga kwanduna cike da 'yan kifaye da ba su fi yatsa ba. Gidan sauron da aka raba wa matanmu domin zazzaɓi, wasu sun mai da shi taru. A da har Gamalin ake zubawa a ruwa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai inci 3 ba sai ga wasu ƙananan kifaye da aka keɓe. A tafkin Biktoriya, ƙasashen Kenya da Uganda da Tanzaniya sun hana kama giwan ruwan da bai kai santimita 50 ba. Manomin da ya cinye irinsa da rani, kowa ya san abin da zai shuka da damina. Samarinmu da ke tafiya su da rani, in sun koyi zaɓen babba su bar ƙarami, sun koyi abin da zai ciyar da su shekaru.

Yanzu sai jirgin. A nan muke tare da dattawa, ba kuwa don tsoron sabon abu ba.

Ina ruwan yake? Ƙasarmu jigawa ce, daga nan har Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Kududdufanmu suna ƙafewa kafin sanyi ya wuce. Kifin da muka sani banda ne, wanda jirgin ƙasa ya saba ratsowa da shi ta tasharmu tun da layin dogo ya isa Nguru a 1930. Ruwan da ya fi kusa da mu shi ne kogin Hadejia da fadamunsa, amma jan fatsa tana son ruwa mai faɗi, mai zurfi, marar ciyawa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da kifi ke bi ya yi ƙwai a fadama ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba kachala wurin zama har ta toshe hanyoyi da yawa wajen Hadejia da Nguru. Wanda ya ja koto a irin wannan ruwa, ciyawa zai kamo. Saura Tiga, sai an wuce Kano an nausa kudu. Jirgin da ke can, mu muna nan, wa zai san sau nawa ya fita, nawa ya samu?

Sa'an nan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kowa ya san abin da injin ban-ruwa ke ci a wuni. Injin jirgi kuwa kunne yake tun daga tashi har dawowa, ko an kama ko ba a kama ba. Masu hali da aka ce za su zo, ba kowace rana za su zo ba, rance kuwa ba ya hutu. Injin niƙa ko ba komai matan gari za su kawo masa gero kowace safiya.

Akwai kuma maganar da saurayin bai yi ba. Ruwa yana da masu shi. Kowane yanki yana da Sarkin Ruwa, masunta kuma sun shimfiɗa kalli da mari-mari tun da dare. Baƙon da ya shiga da inji, farfela ta yanke ragar mutum, ko ƙugiyarsa ta jawo ta, ya sayi rigimar da ƙungiyarmu ba za ta iya biya ba. Babbar magana kuma ita ce rai. Yaranmu nawa ne suka iya iyo? A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai cikin Jihar Kano, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yara, mutanen da suka saba da ruwan ke nan. Mu da ba mu saba ba, za mu ɗauki baƙi mu shiga tsakiyar tafki da su? Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Saboda haka ga abin da za mu kawo a taro na gaba, muna roƙon sauran ƙungiyoyi su duba ko zai yi musu amfani. A sayi injin niƙa yadda aka shirya. Daga abin da ya rage a ware kaɗan domin samari biyu, saurayin da ya kawo shawarar da wani guda, su je Tiga wata ɗaya da rani. Su fara gaida Sarkin Ruwa, su nemi izini, su zauna ƙarƙashin masunci da ya san ruwan, su yi hayar kwale-kwalensa. Ƙungiya ta saya musu rigar kariya daga nutsewa guda biyu, da sharaɗin ba mai taka jirgi sai da ita a jikinsa. Zare da ƙugiya da waya a Kano za su samu, cokulan kuma mu tara musu daga gidajenmu.

Su riƙe littafi. Kowace rana su rubuta awa nawa suka yi a ruwa, wane kifi suka kama, nauyinsa, nawa aka saya, nawa suka kashe, da baƙo nawa ya zo neman a fita da shi. In sun dawo kafin sharar gona, magatakarda ya karanta littafin a gaban kowa. Saurayin ya riga ya ce ya yarda, amma ya roƙi a sa Baban da ya yi maganar rijiya ya zama shi ne mai duba lissafin.