Marubucin Gida Ma Yana Bukatar Lokacin Tashi

Ma'aikacin ofis yana da lokacin tashi. Agogo na bugawa sai ya kulle ƙofa ya kama hanyar gida. Marubucin da ɗakin kwanansa ne ofishinsa ba shi da wannan iyaka. Kwamfuta na gefen katifa, shayi ya huce a kofi, an kira Isha'i yana nan kan sakin layi ɗaya, wuya ya sage, idanu sun kaɗa sun yi ja. Ra'ayina shi ne, wajibi ne ya yanka wa kansa lokacin tashi, ya kuma riƙe shi riƙon alkawari. A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta dalilin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Jiki kuwa bai san bambancin ofis da ɗaki ba.

Wani zai ce edita na jira, ba a biya sai an miƙa aiki, wutar lantarki ma sai tsakar dare ake kawowa. Duk gaskiya ne. Sai dai jimlar da aka rubuta cikin gyangyaɗi, da safe sai an sake ta, aiki ya koma biyu. Sauri ya haifi nawa. Don haka miƙewa bayan kowace sa'a, taka ƙafa zuwa masallaci, cin abinci tare da iyali da isasshen barci, duk cikin aikin suke. Mai son ya daɗe yana rubutu, ya fara da tattalin hannun da ke riƙe alƙalamin.