Ra'ayinmu: Wace wuta za ta riƙe eriyar karkara?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kanan Bakashe ko ta Mayahi yana ɗaga salularsa sama don neman rezo ya san cewa magana ba haka kawai take bin iska ba. Akwai dogon ƙarfe da aka kafa a wani wuri, a bisansa eriya, a gindinsa akwatin na'urori, kuma na'urorin nan ba su san barci ba, dare da rana cin wuta suke yi. Ran da wutar ta ɗauke, dukan ƙauyukan da ke jingine da wannan ƙarfe sai su koma kurame. Ɗan ci-rani da ke Kano ko Agadas ba shi da halin shaida wa gida cewa ya aiko da kuɗin hatsi. Malamin asibitin ƙauye ba shi da halin kiran motar da za ta kai mai naƙuda Mayahi. Takardar da magajin gari zai aika Maraɗi ta intanet sai ta jira mai babur.

Wannan al'amari mun gan shi da idonmu. A farkon watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse wutar da take sayar wa ƙasarmu, a cikin takunkumin ƙungiyar CEDEAO, a lokacin da wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da NIGELEC ke rarrabawa daga can yake zuwa. Jahohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke samun wutarsu ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma sai a watan Maris na 2024 aka maido da wutar. Wannan ke nan ga biranen da layi ya kai. Mafi yawan ƙauyukanmu kuwa ko turken wuta ba su taɓa gani ba. Saboda haka abin da masana ke kira wutar ko-ta-kwana, a kwarin Gulbin Kaba ita ce wutar yau da gobe, kuma wajibi ne a zaɓe ta da irin natsuwar da ake zaɓen wurin haƙa rijiya.

Abin da ya fi saurin zuwa a ran mai mulki shi ne gurup, wato injin wuta mai shan gazuwal. Dalilin a fili yake: kuɗin sayensa da sauƙi, kowane makaniki ya san cikinsa, ga shi kuma tun 2011 muna da matatar mai ta SORAZ a Damagaram. Amma kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi. Gurup mai lafiya yakan sha kimanin lita ɗaya don ya ba da kilowat-awa uku, in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. In kuwa babban inji ne aka ajiye wa ƴan na'urori kaɗan, kamar yadda aka saba yi, to mai yana ƙonewa a banza, injin kuma yana toshewa da baƙin hayaƙi. Bayan kowace awa 250 ta aiki ana so a juye masa baƙin mai, wato kusan kowane kwana goma in ba ya hutawa. Sai a tambayi kai, wa zai riƙa bin hanyar rairayi da jarkoki kowane kwana goma, da rani da damina? Ƙarancin mai da aka yi a ƙasar nan cikin watan Maris na 2025 ya nuna cewa ko a bakin kwalta ba kullum ake samunsa ba. Ba mu ce a jefar da gurup ba. Matsayinsa shi ne na tayar ajiya a bayan mota.

Batir shi ne zuciyar maganar, kuma a nan ne aka fi yin hasarar dukiyar jama'a. Na'urorin eriya da wutar batir suke aiki, galibi mai ƙarfin bolt 48, don haka ko da kuran ko gurup ko rana ke bayarwa, ta cikin batir ake rayuwa. Iri biyu ne a kasuwa. Na farko batir na darma, ɗan'uwan wanda ke cikin mota. Yana da araha, amma yana da sharuɗɗa biyu da mai sayarwa ba ya cika faɗa. Sharaɗi na ɗaya, ba a shanye fiye da rabin abin da ke cikinsa, in ana yin haka kullum sai ya mutu da wuri. Na biyu, masu ƙera shi sun auna shekarunsa ne a kan zafi mai daraja 25, kuma duk ƙarin daraja goma kan rage masa rabin kwana. To a Tasawa da Mayahi, cikin Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi kan wuce 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da ke tsakiyar rana. Batir ɗin da takarda ta ce zai shekara takwas, a irin wannan wuri in ya shekara biyu ya yi ƙoƙari.

Na biyu shi ne batir na litiyom, musamman irin wanda aka haɗa da ƙarfe da fosfat. Tsadarsa ta fi, babu musu. Sai dai ana iya shan kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa, yana jure cikawa da saukewa sau dubbai, ya fi haƙuri da zafi, kuma bai da nauyin da zai karya amalanke. Shi ma yana son inuwa da iska, kuma da yake abu ne mai daraja, ɓarayi sun san shi. Mu a ganinmu, wurin da ke nesa da gari, inda zuwan mai gyara ke cin kwanaki, shi ya cancanci litiyom, domin araha da za a sake saye sau uku ba araha ba ce.

Sauran maganar abin da zai cika batir ɗin. A nan ba mu da abin da za mu roƙa a wajen kowa. Kowane murabba'in mita na ƙasarmu yana samun ƙarfin rana da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini. Kuma ba yau muka fara ba: tun 1965 aka kafa ma'aikatar ONERSOL don binciken hasken rana, wadda Farfesa Abdu Mumuni Diyofo ya shugabanta shekaru da dama, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 aka gwada kunna talabijin ɗin lakwal da allon hasken rana a ƙasar nan. A 2018 aka buɗe tashar Malbaza mai megawat 7. Abin da ya kunna talabijin ga ƴan lakwal shekaru fiye da hamsin da suka wuce ba zai gaza riƙe eriya ba.

Ga waɗanda suka koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, bari mu yi shi tare, domin bai fi ƙarfin kowa ba. A ce ƙaramar tasha ce da ke ba da intanet ga ma'aikatar magajin gari da asibiti da kwaleji, tana cin wat 200, wato kamar ƙwan fitila ashirin masu wat goma. A awa 24 ta ci wat-awa 4800, a ce kilowat-awa 5. Allo mai wat 400, in ya sami awa biyar ta rana mai ƙarfi, zai ba da kilowat-awa 2 a kan takarda. A cire abin da zafi da ƙura da waya ke ci, sai a bar ɗaya da rabi. Ke nan allo huɗu ake bukata, mai hankali kuma ya ƙara na biyar. Don a jure kwana biyu na hadarin Agusta ko na hazon hunturu, ana son ajiyar kilowat-awa 10. In na darma ne, sai an sayi ninki biyu, kimanin manyan batir takwas masu bolt 12 da amfiya 200. In na litiyom ne, kilowat-awa 12 ko 13 sun isa. Babbar eriyar kamfanin tarho tana cin ninki goma na wannan ko fiye, amma hanyar lissafin ɗaya ce. Duk ɗan kwangilar da ya kawo farashi ba tare da waɗannan alƙaluma ba, a mayar masa da takardarsa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake rainawa, su ne kuwa ke kashe tasha. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kan allo tana toshe masa rana, maganinta tsumma da ɗan ruwa da mutum guda da aka ɗora wa aikin, ana biyansa. Dogon ƙarfe a fili yana jawo tsawa, don haka sai an binne masa sandar da za ta kai ta ƙasa, kuma a busasshen rairayi irin namu sai an nitsa ta sosai kafin ta yi aiki. Shinge yana tsare awaki, amma ɓarawo sai maƙwabta, shi ya sa ya kamata a zauna da mai gari da sarkin kanto tun kafin a kafa turke na farko.

Muna kira ga hukumar ARCEP, mai sa ido kan sadarwa, da hukumar da ke kula da kai intanet karkara, da kamfanonin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom, su riƙa bayyana wa hukumomin gari awa nawa kowace eriya za ta iya yi in babu kuran, don a san abin da aka dogara a kai. Ga hukumomin gari kuwa, na Kanan Bakashe da maƙwabtansa, duk kayan da aikin raya ƙasa ya kawo kyauta, a tambayi shekarar da batir ɗinsa zai ƙare tun ranar karɓa, a rubuta kuɗin musanya shi a cikin kasafin gari, kashi-kashi kowace shekara. A kuma sa a yarjejeniya cewa za a koya wa samari biyu na garin auna batir da duba waya, a bar musu na'urar awo da littafin da za su riƙa rubuta abin da suka gani kowane mako, kuma a yi babban awo cikin watan Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko.