Idan motar gwamnati ta buge mutum, wa zai biya?

Duk mai taksi da mai kabu-kabu ya san abin da ke samunsa ranar da jandarma ya tsai da shi babu takardar asirans a hannu. A tsare abin hawa, a ci shi tara, aikin wuni ya tashi. Amma akwai mai motoci guda a ƙasar nan da ba a tambayarsa wannan takarda, kuma motocinsa sun cika hanya tun daga Yamai har Diffa. Gwamnati ke nan.

Doka ce ta ɗauke mata. Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke aiki da kundin asirans na CIMA, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta asirans a kan kowane mai mota, in ban da gwamnati. Hujjar ita ce gwamnati ba ta karyewa kamar kamfani, baitulmalinta shi ne asirans ɗinta. To, mun ji. Sai dai kundin bai sake ta haka nan ba, aya ta 238 ta ce wajen biyan diyya ana ɗaukar gwamnati tamkar kamfanin asirans, duk wa'adin da ya hau kan kamfani ya hau kanta.

Ga wa'adin, don kowa ya riƙe shi. Jandarma ko ɗan sandan da ya auna hatsari yana da wata 3 ya aika da takardar bincikensa. Mai biya yana da wa'adin da doka ta ɗiba masa ya gabatar wa wanda aka ji wa rauni tayin diyya, in kuma an rasa rai, ga magada. In an daidaita, wanda aka buge yana da kwana 15 ya janye idan ya ga an kware shi, daga nan a biya shi cikin wata guda. Wanda ya wuce wa'adi akwai tarar jinkiri a kansa. Wannan ba alfarma ba ce da ake roƙo wurin minista ko gwamna. Haƙƙi ne a rubuce.

Yanzu a ɗauki misali, ranar kasuwa a wani gari na bakin babbar hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Kat-kat ta wata ma'aikata ta taho da gudu, ta kwashe mai amalanke da jakinsa. An kai shi likita, ƙafa ta karye. Wa ke sayen maganin da aka rubuta a daren nan? Danginsa. A sayar da akuya, a taɓa hatsin rumbu. In an yi sa'a, babban da ke cikin motar ya aiko da ƴan jikkuna na gaisuwa, maigari ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu musu, amma imani da ƙaddara bai taɓa yafe wa kowa diyya ba, malamanmu sun fi mu sani.

Wanda ya ce zai bi haƙƙinsa, nan wahala ke farawa. Takardar hatsari tana birgad, takardar likita tana asibitin jaha, shaidar magada tana gidan shari'a, ita kuwa hukumar da ke tsaya wa gwamnati a irin wannan magana, wadda ake kira AJE, cibiyarta na Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Duk takardun nan da Faransanci suke. Ni da aikina shi ne juya Faransanci zuwa Hausa, na san irin kalmomin da ke cikinsu, ko wanda ya yi lakwal sai ya nemi mai fassara masa. Ina ga manomin da ke dangwala yatsa?

Kuma dokar nan ta ɗaure talaka tam. Ba shi da damar kai ƙara neman diyya sai wa'adin tayi ya cika, dole ya jira. In ya jira, ya kai ƙara, alƙali ya ba shi gaskiya, ba a gama ba. Kamfani in ya ƙi biya, ana iya kama dukiyarsa ko a rufe asusunsa na banki. Dukiyar gwamnati ba a kama ta. Sai mutum ya riƙe hukunci a hannu yana zirga-zirga tsakanin ofis da ofis, ana ce masa takardarsa na baitulmali, a jira kasafi. Shi kuwa kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, don wanda ba shi da takardar albashi, manomi ko mai talla, da albashi mafi ƙanƙanta ake lissafa masa, wanda a 2012 aka tsaida shi a sefa 30,047 a wata. Ɗan wannan ma sai an ja masa rai.

Kada kuma a ɗauka da direbobin gwamnati muke faɗa. Su ma ƴaƴan talakawa ne, yawancinsu ƙananan ma'aikata masu ɗan albashi. Ba direba ke yanke ranar tafiya ba. Ba shi ke cewa a taso daga Tawa bayan isha'i don mai gida yana da taro a Yamai da safe ba. In ya ce taya ta suɗe ko birki na wasa, amsar da ya saba ji ita ce babu kuɗin gyara, a lallaɓa. Ranar da abin ya faru, mai gida ya shiga wata mota ya wuce, direba ne ke kwana a birgad, shi ake karɓe wa permi, wani lokaci shi ke shiga kaso. Wanda ya yi gudun ganganci ko ya tuƙa a buge, shari'a ta yi aikinta a kansa, ba mu kare shi. Amma wanda aka tura aiki da takardar izinin tafiya, cikin motar da ba shi ya hana a gyara ba, diyyar ɓarnar tana wuyan wanda ya aike shi. In shi ma ya ji rauni, hatsarin aiki ne, ma'aikatarsa ce ya kamata ta kai rahoto nan take, ba matarsa ta riƙa bin ofisoshi da goyo ba.

Akwai wata tambaya da lokacin nan ya kawo. Dokar zaɓe ta hana a yi kamfe da kayan gwamnati. Idan motar ma'aikata ta fita ranar Lahadi ɗauke da tutoci da masu kiɗa, babu izinin tafiya, ta buge yaro a ƙauye, aikin wa ta je? Baitulmali zai biya ɓarnar jam'iyya, ko za a ce direba ne ya fita da ita don kansa? Mun san wanda aka saba jingina wa kaya.

Abin da jam'iyyarmu ta ɗauka a wuyanta ba ya buƙatar sabuwar doka. Za mu ware kuɗin diyyar hatsarin motocin gwamnati a layi na kansa cikin kasafin shekara, majalisa ta gan shi, ta kuma ga nawa aka biya da mutum nawa ke jira. Za a buɗe wurin karɓar takardu a kowace jaha cikin jahohi 8, da ma'aikacin da ke jin harshen mutanen wurin, a ba mai ƙara shaidar ajiya mai kwanan wata, don daga nan ne za a kama wanda ya yi jinkiri. Wanda motar gwamnati ta buge, asibitin gwamnati zai fara yi masa magani kafin a yi maganar kuɗi. Motar da ba ta ci binciken lafiyarta ba, ba za ta fita ba, ko wa ke cikinta, kuma shugaban da ya sa hannu ta fita a haka, sunansa zai shiga takardar hatsari tare da na direba.

Kafin nan, in abin ya afka wa wani naku, Allah ya kiyaye, ku rubuta lambar motar da sunan ma'aikatar da ke jikinta. Kada ku yarda a janye ta sai jandarma sun zo sun auna. Ku adana kowace takardar magani da rasiɗin farmasi, ku nemi takardar likita mai nuna raunin tun ranar farko. Kuɗin gaisuwa in an kawo, ku karɓa, amma kada ku dangwala yatsa a kan wata takarda sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita da Hausa.