Kafin a Ɗaga Bulala, a Tambayi Ciki



Ya ku iyaye da ɗalibai, zan fara da laifina kafin in taɓo na kowa. Wata ranar Asabar da hantsi muna tsakiyar bitar hadda, sai na hango wani yaro ɗan shekara 9 yana ta gyangyaɗi, littafi har ya zame daga cinyarsa. Na yi masa tsawa sau biyu, a na uku na tsula masa bulala. Da aka fita tara sai yayarsa ta zo ta durƙusa ta ce, "Malam, rabonsa da abinci tun tuwon daren jiya." Ashe kuɗi aka danƙa masa a madadin karin kumallo, shi kuwa ya sayi alewa da askirim ɗin leda a bakin ƙofa tun kafin a shiga aji. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

To ku lissafa da kanku. Daga ƙarfe 8 na dare zuwa ƙarfe 10 na safe awa 14 ke nan. Babba ma ya ji a jikinsa, balle yaron da ake so ya riƙe shafi guda a ka. Alewar da ya sha kuwa yaudarar ciki ce kawai: sukari yakan shiga jini da sauri, yaro ya ɗan ji ƙarfi, kafin wani lokaci ya sauka ya bar shi da kasala da yunwa, ga kuma ciwon haƙori da yake tara masa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rage shan sukari, ta ce abin da ya fi shi ne kada babban mutum ya wuce kimanin giram 25 a yini, wato cokalin shayi 6. Lemon kwalba guda mai santilita 35 kuwa yakan ɗauki cokali 8 zuwa 9. Kwalba ɗaya fa! Shi ne muke saya wa ƙaramin yaro don mu nuna masa gata.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ba ka ga tsadar rayuwa ba?" Na gani, ni ma a kasuwar nake awo. Akwai gidan da in yaro ya fita bai karya ba, to babu ce ta sa, kuma waɗannan haƙƙinsu ne a kan maƙwabta da kwamitin makaranta. Shirin ciyar da yara da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 an yi shi ne don 'yan aji 1 zuwa 3 na firamaren gwamnati, irin tamu ta unguwa ba ta shiga ciki ba. Amma maganata da gidan da akwai, sai dai gaggawar safiya ta sa a miƙa kuɗi a ce "je ka ka saya a can". Inna, ɗumamen tuwon jiya da miyar kuka ya fi biskit riƙe ciki nesa ba kusa ba. Haka koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko ɗanwake. In lokaci ya ƙure, a ƙulla masa gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko dafaffen dankali, ko dabino, ya tafi da shi. Mu da muka tashi da goruba da magarya da ɗinya a aljihu, ba mu san sun zama abin kunya ba sai a bakin 'ya'yanmu.

'Yan mata da suka fara girma, ku kula sosai, domin ƙarancin jini ya fi kama ku, alamarsa kuwa jiri da saurin gajiya. Wake, zogale, alayyafo da hanta suna ƙara jini, in an bi su da gwaba ko lemon zaƙi sun fi amfanar jiki. Shayi a kan abinci kuma yana rage wannan amfanin.

Sai maganar wasa, wadda na san ba kowa zai so ta ba. Dubi yinin yaronmu: boko daga safe zuwa azahar a kan benci, Islamiyya daga la'asar zuwa dab da magariba a kan tabarma, bayan isha'i kuma talabijin ko wayar yayansa. Yaushe ya motsa? Ita wannan hukumar ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jiki, irin wanda zai sa shi haki da gumi. Mu kuwa da mun ga yara suna langa ko ƙwallo sai mu ce shashanci ne, mu kore su. 'Ya mace ma da ta kai shekara 10 an raba ta da 'yar gala-gala da tsallen igiya ke nan, wai ta girma. Alhali ya tabbata Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (R.A.). In kunya muke tsare musu, ai sai mu keɓe musu wuri a cikin katanga, malama na kula da su.

Ina roƙon kwamitin iyaye da malamai ya duba abu biyu a zama mai zuwa. Filin tsakar makarantar nan kada a cinye shi duka da gini, a bar wa yara inda za su yi gudu ranakun Asabar da Lahadi. Masu talla a bakin ƙofa kuma ban ce a kore su ba, iyayenmu ne, wasu da wannan tiren suke riƙe marayu. A zauna da su a roƙe su su ƙara awara, dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale, a rufe, ƙuda bai hau ba. Ni dai a ajina yanzu, kafin mu buɗe littafi sai na tambaya wa ya karya, wa bai karya ba.